Hukuncin sayo ma yarinya takardar likita ta ƙarya don a cire ta daga EPS

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta malam. Ni mutunen Tahoua ne, ina da ɗiya 'yar shekara 13 tana senkiyam a kolej. Ranar EPS, wato darasin motsa jiki, ana fidda su fili su da maza, mushen da ke koya masu namiji ne, kuma an ce kowa shi zo da tenu, wando da tishat. Ni dai raina bai kwanta ba, uwarta ma ta ce ta ji ana faɗin gudu da tsalle na ɓata ma yarinya budurci. Wani abokina ya ce in ba da jikka biyar zai samo mini takardar likita da ke cewa tana da asma, sai a cire ta baki ɗaya. Alhali lafiyarta lau malam. Ya halatta in yi haka don in tsare mata mutunci? kuma wai wanga guje-guje na lekol yana da asali ga addini ko ko ɓata lokaci ne da nasara ya kawo muna?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bismillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ɗan'uwa Allah shi saka maka da alheri bisa kishin ɗiyarka, ba kowane uba ba ne ya san abin da ake yi da ɗiyanshi a lekol balle har shi tambaya. Amma zan fara da zancen takardar tunda ita ce mai hatsari: bai halatta ba, kada ka ba da jikka biyar ɗin nan. Takardar likita shaida ce, mutum ya sa hannu ya buga tambari ya ce na duba wance na gani tana da ciwo kaza, in babu ciwon to shaidar zur ce, kuma a hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari da Muslim, da Annabi (SAW) yana lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe ne, da ya zo ga shaidar zur sai ya tashi zaune yana ta maimaitawa har sahabbai sunka ce ina ma ya yi shiru. Kuɗin da za ka ba da kuma cin hanci ne, mai badawa da mai amsa duka an la'ance su. Sannan ka duba ita yarinyar, shekara guda cur za ta riƙa zama gindin bedi tana ce ma ƙawayenta da malamanta asma gare ta, kai ubanta kai ka ɗora ta kan ƙarya da hannunka, gobe in ta yi maka ƙaryar inda ta tafi mi za ka ce mata? Akwai kuma cutar da ba ka gani ba, duk sanda takardun jabu sunka yi yawa mushe yakan daina yarda da na gaskiya, ranar da yaro mai sikila ko mai ciwon zuciya na gaske ya kawo tashi sai a ɗauka shi ma dabara ce a ce shi tashi shi yi gudu. Alhakin wanga yaro akwai kasonka ciki.

To mu zo ga asalin abun. Motsa jiki ba nasara ya kawo muna shi ba. Ka buɗe suratu Yusuf, 'yan'uwan Annabi Yusuf sun ce ma babansu ka bar shi ya bi mu gobe ya ci ya sha ya yi wasa, Annabi Yakubu bai ce masu wasa haramun ne ba, tsoron kerkeci ya ambata. Cikin Baƙara da Allah ya zaɓi Ɗalutu sarki dalilin da anka faɗa shi ne an ƙara mishi yalwa ga ilimi da jiki, biyun tare. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah bisa mumini mai rauni, kuma kowanensu da alherinshi. Malamai sun ce asalin ƙarfin nan na imani da azama ne, gaskiya ne, amma jiki shi ne dokin da imanin ke hawa, wanda gwiwa ta hana ma ruku'u ya san haka. Annabi (SAW) ya wuce mutanen Aslam suna gasar harbi ya ce ku harba 'ya'yan Isma'ila babanku maharbi ne. Ya sa an yi sukuwar dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, wanga yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu. Habashawa sun yi wasan masu cikin masallacinshi yana kallo, Nana A'isha na bayanshi ita ma tana kallo har sai da ta gaji don kanta. A littafan sira an kawo cewa gab da yaƙin Uhudu, wajen zaɓen mayaƙa, an amshi Rafi'u ɗan Khadij don ya iya harbi, an maida Samuratu ɗan Jundub, dukansu samari ne 'yan shekara 15, sai anka ce ai Samuratu na kada Rafi'u ga kokowa, shi ma anka amshe shi. Ashe yaran Madina sun san kokowa kamar yadda namu sunka san ta, mu da anka fara gasar kokowa ta ƙasa ta cin takobi nan garinmu Tahoua a 1975. Kokowar kanta halas ce, abin da malamai ke hanawa cikinta su ne layu da tsafi da caca da barin cinya waje.

Abu biyu da nake jin mutane na yaɗawa a WhatsApp ina so a yi hattara. "Lafiyayyen hankali yana cikin lafiyayyen jiki" ba hadisi ba ne, maganar wani mawaƙin Rumawa ce ta dauri. "Ku koya ma 'ya'yanku iyo da harbi da hawan doki" kuma an fi danganta ta ga Sayyidina Umar, kada a ce Annabi ya ce. Muna da ingantattu isassu.

Wataƙila ka ce duk wanga na maza ne. A'a. Abu Dawuda da Ahmad sun ruwaito Nana A'isha ta ce ta yi tsere da Annabi (SAW) cikin wata tafiya ta tsere mishi, bayan shekaru da ta yi jiki sunka sake ya tsere mata yana dariya yana cewa wagga ramuwar waccan ce. Uwar muminai kenan tana gudu da ƙafarta bisa rairayi. Amma ka lura da abu guda a ruwayar, sai da ya ce ma sahabbai su yi gaba tukuna. A nan hukuncin ɗiyarka yake gaba ɗaya, gudun halas ne, sutura da kaucewa idon maza kuma ana kiyaye su, ba a yada ɗaya don ɗaya.

Abin da ya sa nake matsa ma wanga zance, zamanin iyayenmu mata yarinya a Adar ba ta bukatar mushen EPS. Da asuba tana bakin turmi, ta ja guga daga rijiya mai gaba da yawa, ta ɗauko tulu, ta yi itace, da dare ta fita dandali a yi gaɗa da carabke har zufa ta jiƙa ta, maza na can suna langa da kokowa. Yanzu cikin gari injin ke niƙa, famfo na tsakar gida, kabu-kabu ya kai ta lekol ya maido ta, ta zauna benci tun safe, da marece islamiyya zaune kan tabarma, da dare salula ko tele. Dandalin ma an daina saboda tsoron zamani. In ka lissafa za ka iske waɗannan 'yan awoyi na EPS su kaɗai ne a sati da jininta ke gudana yadda ya kamata. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga, kuma a binciken da ta fitar a 2019 ta iske kashi 81 cikin ɗari na matasa 'yan 11 zuwa 17 a duniya ba su kai wa ga haka, 'yan mata sun fi yawa, kashi 85. A waɗanga shekarun ne ƙashi ke tara ƙarfin da zai yi rayuwa da shi, zuciya da huhu su buɗe, barci shi yi daɗi, kuma yarinyar nan gobe ita za ta ɗauki ciki ta yi naƙuda ta yi goyo. Ka je likita ka ga layin masu tansiyo da ciwon sukari, mata nawa ne ciki waɗanda ba su kai 50 ba. Annabi (SAW) ya ce ma Abdullahi ɗan Amru jikinka yana da haƙƙi a kanka, ita yarinya ƙarama kai ne mai kiwon wanga haƙƙi a madadinta, kuma za a tambaye ka.

Ko ga karatu ma. Imamu Gazali cikin Ihya ya ce a bar yaro shi yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, don hana shi wasa da takura shi ga karatu kullum na kashe mishi zuciya, ya dushe mishi basira, ya sa rayuwa ta yi mishi ɗaci har shi nemi dabarar gudu ma karatun baki ɗaya. Ni na gani da idona a makarantarmu, akwai wani yaro da kullum bayan la'asar allo na hannunshi kanshi na rangaji, aya uku sai ta kwana huɗu ba ta zauna ba, ashe an hana shi fita ko ƙofar gida. Da na roƙi babanshi ya bar shi ya riƙa buga tamola da 'yan unguwa kafin magariba, yakan shigo da ƙura har gwiwa ya yi alwala ya zauna, kuma wallahi wankin allonshi ya fi na da sauri.

Zancen budurci kuwa ka kwantar ma uwarta da hankali. Gudu da tsallen da ake yi a filin lekol ba su ne ke ɓata yarinya ba. Kuma malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi magana, sun ce ko da a ce wani abu ya samu yarinya ta hanyar tsalle ko faɗuwa to hukuncinta na budurwa yana nan, ba a aibata ta ba a tuhumarta.

Damuwarka ta sutura da cakuɗa ita ce ke da tushe, kuma tana da magani ba sai an yi ƙarya ba. Yarinya 'yar 13 ko ta balaga ko tana bakin balaga, don haka ba za ta fita da matsattsen wando da ƙaramar riga ba. Ka sayo mata jogin mai faɗi, da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, da ɗan hijabi na auduga wanda ake zurawa babu allura babu fil don kada shi soke ta in ta faɗi, jikka biyar ɗin da za ka ba da hanci ka sa su nan. Babu wanda zai ce maka hijabi na hana wasa, hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya ma sun yarda da shi tun 2014. Sannan ka taka da ƙafarka ka je wajen direkta, da ladabi, in da hali ku haɗu ku iyaye ta hanyar COGES, wato kwamitin kula da lekol, ko ƙungiyar uwaye mata, ku roƙi a ware 'yan mata gefe guda na fili maza gefe guda, kada a haɗa su wasan da jiki ke taɓa jiki, mushe shi koya da baki da nuni ba da kama jiki ba, in akwai madam ta tsaya kusa, a kuma samar masu aji guda da za su canza kaya. Yarinya mai haila da ke jin ciwon mara a bar ta ta huta ba tare da an tona ta gaban aji ba. Waɗanga duk ba su cin ko dala. Maza ma a tuna masu wando shi rufe gwiwa, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce cinya al'aura ce ko da ba ta kai al'aurar kanta ba.

Su ma masu lekol akwai nasu, la darara wa la dirar, wato babu cuta babu cutarwa. A watan Afrilu da Mayu zafin Tahoua na wuce digiri 40, fidda yara gudu da rana tsaka babu ruwa cutarwa ce ba tarbiyya ba, a yi da sanyin safiya a aje randa ko bido kusa, a kuma lura da wanda ya fito gida ko koko bai sha ba. Cikin azumi a sassauta ma waɗanda sunka balaga suna riƙe da baki. Kuma wasa ba shi cinye salla.

In ka bi duk hanyoyin nan anka ƙiya, anka ce dole sai ta tuɓe hijabi ko ta yi wasan kama-kama da maza, to a nan ba a yi ma abin halitta ɗa'a cikin saɓon Mahalicci, ka faɗa masu gaskiya ƙarara cewa don addini ne, ka kai kuka ga inspekta, ko ka canza mata lekol in kana da hali, ka kuma sani EPS na cikin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej don ka shirya ma abin da zai biyo baya. Amma minti 60 ɗin nan ba su faɗi daga wuyanka ba, ka sayo mata igiyar tsalle ta yi a tsakar gida ita da ƙannenta, ka bar ta ta taka zuwa islamiyya tare da ƙawayenta maimakon kabu-kabu. Shi kuma abokin naka ka tura mishi wagga amsa, ka ce mishi ya bar hanyar nan tun kafin ya ja wani uba ciki.

Wallahu a'alam.