Ta'aziyyar kaka a gidan Yahudawa

'Yar'uwa, kin ce kakar ƙawarki Bayahudiya ta rasu a Amurka, ya za ki musu ta'aziyya ko? Su ma suna zaman makoki kwana 7, shiva suke ce mishi, suna zama a gida kan gajerun kujeru, madubai duk a rufe, to ki je cikin kwanakin nan ki bari su ba ki labarin tsohuwar, ko na girkin da take musu daren Asabar ne. Kar ki kai furanni, abinci ya fi amma sai kosher, wato wanda addininsu ya halatta, kayan marmari dai ba matsala. 'Ya'yan marigayiyar za su yi wata 11 suna addu'ar Kaddish, duk shekara kuma ranar rasuwarta sai a kunna kyandir mai cin awa 24.