Tsofaffin ƙasar Sin da wayar hannu: wa zai kula da su gobe?

Tambaya: An ce a ƙasar Sin komai da waya ake yi. Yaya tsofaffi ke ciki, musamman waɗanda ɗansu tilo ya tafi birni neman abinci?

Amsa: Malama, lamarin babba ne. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 264 sun kai shekara 60 zuwa sama, kuma da yawansu dokar haihuwar ɗa ɗaya ta shafe su.

Tun 2021 manhajar WeChat, ta aika saƙo da biyan kuɗi a waya, ke da tsarin dattawa mai manyan haruffa. Akwai kuma katin dangi: ɗa ya ƙayyade kuɗin wata, uwa ta yi sayayya, a cire daga asusunsa. Inda ake tuntuɓe shi ne ɗan ya karɓi wayar ya danna komai da kansa. Yana tafiya, tsohuwa ta koma ba ta iya ba. Gara a koya mata abu guda, kamar kiran bidiyo ko kama layin ganin likita, ta maimaita da hannunta. A gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa lambar sirrin da aka turo mata, domin 'yan damfara tsofaffi suke nema.

Shirin gobe ya fi muhimmanci a ganinmu. Dokar farar hula da ta fara aiki a 2021, sashe na 33, ta ba babba mai cikakken hankali damar rubuta wanda zai zama waliyyinsa idan hankali ya gushe, ko da ba dangi ba ne. Galibi ana tabbatar da takardar a ofishin da ke shaida takardu bisa doka, kuma dole a yi tun kafin mantuwa ta kama mutum.