Ko shaidar wata mace tana isa a yarda da baƙon namiji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina aikin wayar da kai kan cutar ƙanjamau a Ngaundere ta ƙasar Kamaru, kuma mafi yawan waɗanda nake zama da su mata ne masu zaman kansu da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Kwanan nan an yi wa biyu daga cikinsu duka aka ƙwace musu waya, kuma duka biyun ta WhatsApp mazan suka same su. Na ji a Turai da Amurka mace ba ta karɓar baƙo sai ya kawo sunan wata da ta san shi. Yaya ake yin abin, kuma zai yiwu a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Abin da kika ji gaskiya ne, wasu matan can suna yin haka. Namiji zai aiko saƙo, sai macen ta ce ya ba ta sunan mata biyu masu wannan sana'a da ya gani kwanan baya. Mai hankali ba ta kiran lambar da shi ya bayar, domin ƙila ta abokinsa ce ko wayarsa ta biyu. Sai ta nemo matar ta hanyarta, ta yi mata tambayoyi kaɗan: kin san shi, yaushe rabonki da shi, yaya kamanninsa, ya biya abin da aka yi alkawari, ya nemi cire kwaroron roba, in ya dawo za ki buɗe masa ƙofa? Ta ƙarshen nan ta fi sauran nauyi. Idan aka ji wadda ake tambaya tana jan magana, an sami amsa.

Mu ma muna da irin wannan tun kafin waya. A gidan magajiya, baƙo ba ya wucewa ɗaki sai ya gaishe ta a tsakar gida, ta dube shi, ta ji daga ina ya fito da wanda ya rako shi. Wanda ya taɓa yin rashin mutunci ba ya sake shiga. Kuma garinku yana da sauƙi ɗaya: jirgin ƙasa a Ngaundere yake ƙarewa, kayan da suka taso daga Duwala a nan ake ɗora su a manyan motoci su bi ta Garwa da Marwa zuwa Kuseri, su haye gadar Ngeli su shiga Njamena. Direbobin nan masu komowa ne. Ana sanin mutum da lambar motarsa da yaron motarsa, mai shayin bakin tasha ma ya san halinsa. Kira ɗaya zuwa ga wata a Garwa ya isa a ji labarinsa. Waya ce ta kawo namijin da ba wanda ya ga fuskarsa, ya kira mace ɗakin da shi ya zaɓa.

Amma kada ki sayar musu da wannan hanya kamar laya. Ai ko a binciken aure ba a tambayar wanda mai nema ya kawo da kansa, maƙwabta ake bi a ɓoye. Mugu ba zai ba da sunan wadda ya daka ba, zai ba da na wadda ya yi wa kirki sau ɗaya. Ga kishi: wata za ta ɓata sunan mai hannu sake don kada a ɗauke mata shi. Shaidar kawali kuwa ni ban ɗauke ta a bakin komai ba, tunda da kawo mutum yake samun nasa kason.

Shi ya sa na fi ba da ƙarfi ga jerin miyagu. Matan jihar Biktoriya a Ostareliya ne suka fara shi a 1986, suna rubuta kamannin mazan da suka cuce su suna rarrabawa a tsakaninsu, a 2012 kuma aka kafa na ƙasa baki ɗaya a Birtaniya. Ku ba kwa buƙatar ofis. Wadda aka yarda da ita ta riƙa tara lambar waya, lambar babur ko mota, tabo ko tsagen fuska, yaren da yake yi, da abin da ya aikata. A riƙa aikawa da murya, don ba kowa ke karatu ba. A rubuta abin da ya faru kaɗai, ban da "an ce". Kuma kada wadda aka gargaɗa ta gaya masa wa ya faɗa, domin kan waccan zai koma.

Ga wanda ba mai shaidarsa, sai ya turo kuɗin babur ta Orange Money ko MTN MoMo, sunan da ke kan layin zai fito a kwatanta da wanda ya faɗa. Ba tabbaci ba ne, layuka da yawa da katin wani aka yi rajistarsu, amma mai mugun nufi ba ya son barin sawu. Haɗuwar farko a yi ta inda mai gadi zai gan shi, macen ta je da mai babur ɗin da ta sani, ta kira ƙawarta a gabansa ta faɗi lambar ɗaki da lokacin da za ta fito.

Ke ma ki kula da kanki. Sashe na 343 na kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 500,000 kan karuwanci, sashe na 294 kuma yana kama mai kawalci. Wannan ne ke sa mace ta haɗiye duka ta ƙi zuwa wurin 'yan sanda ko jandarma, alhali fyaɗe laifi ne ko wa aka yi wa, sashe na 296 ya yanke masa shekara 5 zuwa 10. Don haka kada ki ajiye sunayen matan a wayarki tare da na maza, kada kuma ki taɓa haɗa kowa da kowa. Su biyun da aka daka, ki tambaye su a keɓe ko an yi musu fyaɗe. Idan irin haka ta sake faruwa, asibiti ne farko: maganin da ke tare ƙanjamau bayan haɗuwa sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, kuma takardar likita ta ranar ita ce hujja in ta yanke shawarar kai ƙara daga baya.