Malama, kada ki ɗauki 'yan ɗaya zuwa uku na aji kawai

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce bana ne makarantarku za ta fara shiga gasar kacici-kacicin kimiyya ta yanki, saura makonni shida, kuma kina tunanin ki tura yara ukun da suka fi kowa maki a jarrabawa. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, kuma na sha kunya.

Duka ukun da na kwasa a bayoloji suka fi ƙarfi, kuma irin yaran nan ne da sai sun nutsu sun riƙe biro kafin amsa ta fito. A zauren gasa kuwa 'yan sakanni ake ba ka, ga jama'a sun zuba maka ido. Aka tambaye su alamar sinadarin potassium. Wallahi kowannensu ya san K ce, amma wannan ya kalli wancan, wancan ya kalli wannan, har lokaci ya cika. Tun zagayen farko muka tattara namu ya namu.

Tun daga nan na daina duba sakamakon jarrabawa wajen zaɓe. Ina tara duk mai sha'awa, in yi musu tambayoyi da baki, agogo a hannuna. Za ki sha mamaki. Sau da yawa yaron da yake na goma a aji, mai surutun nan da ya ishe ki, shi ne ba ya rawar murya a gaban mutane. Daga cikinsu nake neman ɗaya mai fiziks da lissafin ka, ɗaya mai kemistiri, ɗaya mai bayoloji da ilimin sararin samaniya. Shugaban tawaga ba lallai ya zama wanda ya fi su ilimi ba. Mai sauraron 'yan'uwansa ya yanke magana da wuri nake ba wa. Ki kuma horar da na huɗu daidai da sauran, don zazzaɓi ba ya duba ranar gasa.

Kafin komai dai ki nemi takardar dokokin gasar ki karanta ta tsaf. Iyakar shekaru da aji, tawaga nawa aka yarda makaranta ta kawo, ranar rufe rajista, sa hannun shugaban makaranta da izinin iyaye. Sunan da ke kan fom ya yi daidai da na takardar haihuwa, harafi da harafi. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne: ana cire maki in an faɗi amsa ba daidai ba? Ana miƙa tambayar ga abokan karawa? In ana cirewa, ki koya musu cewa shiru ma dabara ce. In ba a cirewa, to kada su taɓa barin tambaya ta wuce ba su ce komai ba.

Batun abin da za su karanta, masu tsara tambayoyi suna son wuraren da hankali ke zamewa. Wace duniya ce ta fi zafi cikin masu kewaya rana? Yaro zai ce Mercury don ita ce kusa da rana, alhali Venus ce, saboda iskar carbon dioxide mai kauri da ke riƙe mata zafi. Alamomin sinadarai da suka fito daga Latin ma ba sa ƙarewa: Na, Fe, Pb, Au. Sannan ma'auni. Na ga an hana tawaga maki a tambaya kan yadda saurin abin da ke faɗowa ƙasa yake ƙaruwa, don ta ce 9.8 ta yi shiru, ba ta ƙara da mita a sakan a kowane sakan ba. Yaran sun yi ta gunaguni, amma alƙalan ne da gaskiya.

Ki kuma duba shekarun littattafan da ke ɗakin karatunku. Wani tsohon littafi ya taɓa cin mu maki, don har yanzu duniyoyi tara yake lissafawa, bayan tun 2006 aka fitar da Pluto aka bar takwas. Haka jadawalin sinadarai: yanzu 118 ne, huɗun da suka cike layi na bakwai a 2016 aka raɗa musu suna, amma wanda ke manne a bangon aji da yawa bai kai nan ba.

A makonnin da suka rage, minti talatin kullum ya fi sa'o'i uku ranar ƙarshen mako. Ki riƙa kiran malamai daban-daban su karanta musu tambayoyi don kunnensu ya saba da muryoyi iri-iri, ki tara musu 'yan kallo ko da 'yan ƙananan aji ne. In da rige-rigen danna ƙararrawa za a yi, su koyi jiran ƙarshen tambaya, don sau tari wutsiyarta ce ke juya amsar. Makon ƙarshe ba na ba su sabon abu ko ɗaya, bita kawai da barci isasshe.

In kin samu takardar dokokin ki turo mu gani, musamman sashen rabon maki, sai in faɗa miki yadda zan raba makonni shidan.