Tambaya da Amsa: Magidanci da motsa jiki, abin kunya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne nan Sakkwato, shekaruna sun haura 45. Likita ya auna ni ya ce jinina ya soma hawa, wai in riƙa motsa jiki. To ni rabona da ƙwallo tun samartaka, yanzu sai dai kallo. Kuma gaskiya kunya nike ji, magidanci da ɗiya manya a gane shi da gajeren wando yana gudu bakin titi, mi mutane za su ce? Ga zafin garinmu. Wai wanga abu ba na yara ba ne?
Daga wani mai karatu, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ba na yara ba ne wallahi, kai ma ka fi su buƙata, don su ko ba a ce su yi ba suna yi.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wajen mutum biliyan 1.8 kenan, ba su motsa jiki yadda ya kamata, kuma mata sun fi maza yawa a ciki. Mu nan ba sai an kawo mana lissafi ba, ido na gani. Iyayenmu noma suke yi, kasuwa a ƙasa ko a keke, in kaka ta yi a buga kokawa da dambe, yara kuma langa a dandali har dare. Yanzu fa? Daga ƙofar gida sai kabu-kabu, daga nan sai bencin shago tun hantsi har magariba, da dare a cika gidan kallo ana ta musu kan Firimiya, mutum ya san sunan kowane ɗan wasan Arsenal amma shekara goma bai yi zufar wasa ba. Son wasanni ya ƙaru a ƙasar nan, yin su ne ya ragu, musamman da zarar an yi aure. Wannan abin yana damuna sosai.

Abin da hukumar ta nema ba wani mai yawa ba ne, minti 150 zuwa 300 a mako, wato ko minti 30 sau biyar ya isa farawa. Kuma babu wanda ya ce sai gudu. Tafiya da sauri, irin wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma kana iya magana, ta wadatar. Idan ka dage zuciya na ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini su saki, awon jinin ya ɗan sauka, tsoka kuma ta riƙa zuƙe sugan da ke yawo a jini, shi ya sa ake ba masu ciwon suga wannan shawarar. Barci ma sai ka ji ya gyaru.

Batun kunya, ai Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana. Gajeren wando kuwa ba dole ba ne, dogon wando mara nauyi da takalmi mai laushi sun isa.

Zafi kam gaskiyarka, daga Maris zuwa Mayu Sakkwato na wuce digiri 40, kar ka kuskura ka fita da rana. Bayan Asuba shi ne lokacinka, ka fito masallaci ka miƙe, in kana kusa da filin wasa na Giginya ka zagaya ta can. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka soma da minti 10 ka riƙa ƙarawa, kuma ka nemi abokin tafiya cikin 'yan sahunku don mutum ɗaya saurin gajiya gare shi. Hajiya ma kar a bar ta baya, ko a tsakar gida ne ta zagaya.

Amma don Allah Alhaji in likita ya ɗora ka kan magani kar ka aje shi wai don ka soma tafiya. In kuma ka ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa, ka tsaya nan take ka koma asibiti a ranar.