Amsa: Buga furotin a kan gilashi yana canza siffarsa?

Malam, ka tambaya ko buga furotin a kan gilashi yana taɓa siffarsa. Ƙwarai kuwa. Furotin zare ne a naɗe, girmansa 'yan nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma aikinsa yana cikin naɗin nan. Hatimin da ake bugawar da shi, na wata roba mai laushi da ake kira PDMS, wanda ɗakin binciken masanin sinadarai George Whitesides na jami'ar Harvard ya fito da shi a 1993, ba ya shiri da ruwa. Idan aka shafa masa furotin ya bushe, cikin furotin ɗin mai gudun ruwa yakan juyo ya manne wa robar, wani ya baje ya daina aiki. Shi ya sa ake ƙara giliserin ko sukarin tirehalos don rage bushewa.

Layukan da ke kan abin gwajin maleriya a kemis-kemis ɗin Kaduna ma furotin ne aka shimfiɗa. Zafi na iya ɓata naɗinsa, don haka don Allah a daina barin kwalinsa a rana.