Ga ɗan'uwan da ya tambayi inda zai kai iyali shan iska da jika biyu

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sai da jikina ya yi sanyi, don halin da kake ciki shi ne na yawancinmu masu zaman haya a Maradi. Ka ce ɗakin kwano ne, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, yara uku suna ta kuka da zafi, uwargida ta gaji, kuma abin da ke aljihunka bai wuce jika 2 ba, ina za ka kai su da marece su sha iska. Wallahi kada ka ji kunyar kuɗin nan, sun isa. Wurin zama ba ya cin ko dala. Abin hawa, ruwan sanyi da nama su ne ke cinye kuɗin fita, to su za ka kama da kyau.

Fara da lokaci. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma daga azahar zuwa la'asar ne ya fi tsanani. Kada ka fitar da yaro kafin ƙarfe 5 da rabi, yashi na ƙona ƙafa har ta cikin silifa. Rana tana faɗuwa wajen 7 saura, ka ga kuna da sa'a guda da 'yan mintoci na haske. In iskar dare kuke so, ku bari sai an yi magariba, ku dawo bayan isha'i. Kafin ku fita a yayyafa ruwa a tsakar gida, a buɗe taga in tana da ƙarfe, don bangon siminti yana riƙe zafin rana ya riƙa sakinsa har tsakar dare. Su kuma masu gidajen haya Allah ya shirye su, a yi ɗaki da kwano babu silin, taga guda ƙarama, a ce mutum biyar su kwana ciki a lokacin sanƙarau, wata ya ƙare a zo ana buga ƙofa. Wannan ba adalci ba ne.

Wuri kuwa, in kana kusa da tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo ko Dan Gulbi, gangara wajen gulbi. A bazara ruwa ya janye, sai yashi da garake da itatuwan mangwaro, kuma iskar can ta fi ta tudu laushi saboda inuwa da danshin ban ruwa. Ka yi wa mai garka sallama ka nemi izini kafin ku shimfiɗa tabarma, ka hana yara tsinkar komi. Amma can na kafin magariba ne kawai. Duhu na yi sauro ya fito, ga kunama da ke yawo a bazara, ga maciji mai bin sanyin kwalbatin ruwa. In bayan magariba ne, filin ƙofar fadar Sarkin Katsina ko bakin gudro inda akwai fitila da jama'a ya fi. Na ga wani ya ba ka shawarar tafkin Madarunfa. Wurin yana da kyau, amma ya yi nisa, kuɗin mota kaɗai zai cinye jikarka biyu, kuma hanyar kudu ba ta dawowa da iyali cikin dare ba ce. Ka bar shi sai ranar da za ku tafi da safe.

Ga yadda zan raba jika 2 ɗin nan, wato dala 400. Ka ware dala 120 na adaidaita zuwa da dawowa, dala 60 na zoɓo da sukari da citta, dala 30 na ƙanƙara, dala 40 na mangwaro, dala 100 na nama in har dole ne, dala 50 kuma su zauna a aljihu kada a taɓa su. Mai adaidaita ku gama ciniki kafin kowa ya hau, ka faɗi adadinku har da yara, ka kuma riƙe canji. Bayan isha'i wasu suna ninka kuɗi don sun ga mace da goyo a tsaye, sun san ba za ka yi gardama ba. Kada ka ɗora iyali duka a kabu-kabu guda don ragin dala 20, yashin unguwanninmu yana kayar da babur, kuma salansa na ƙona ƙafar yaro. In wurin bai wuce tafiyar minti 15 ba, ku taka da ƙafa.

Abin sha daga gida. Zoɓo cike da hannu biyu a ruwa lita 3, da citta da ɗan kanumfari, ya tafasa minti 10, a tace, a sa sukari tun yana da ɗumi. A yi shi da hantsi ya huce da kansa, don in aka jefa ƙanƙara a mai zafi narkewa kawai za ta yi. Ita ƙanƙarar a saye ta tun la'asar, ranar da babu kuran kafin magariba ta ƙare ko ta yi tsada. Kada a fasa ta a zuba ciki, ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. A bar ta cikin ledarta, a jera gorunan zoɓo kewaye da ita a cikin kula. In babu kula, bokiti da tsumma mai kauri jiƙaƙƙe ya wadatar. Ruwa zalla kuma lita 3 aƙalla ga mutum biyar. Kwaɗon zogale yana da arha yana riƙe ciki, amma a tafi da dafaffen zogale daban, garin ƙuli daban, a yanka albasa da tumatir a can, in an haɗa tun gida yana yin tsami. Fura da nono ma haka, in ba a cikin sanyi suke ba a bar su.

Yanzu maganar naman, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ba duka masu nama ba, akwai masu tsoron Allah, amma akwai waɗanda duhu ne jarinsu. Naman da bai ƙare jiya ba, ya kwana ba firji cikin wannan zafi, a shafa masa mai a mayar kan wuta, a bulbule shi da yaji har ba ka jin warinsa. Ka ba da kuɗinka na gumi, ya juya maka baya ya yanka, ya cika takarda da kitse da jijiya da albasa, ya naɗe da sauri. Sai kun zauna ka buɗe a gaban 'ya'yanka, suna miƙo hannu suna murna, ka ga tsoka ba ta fi yanka uku ba. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni shi ne ƙarfe 2 na dare ƙaramin ya tashi da amai da gudawa, babu wuta, babu abin hawa, uwa tana kuka, idon yaro yana faɗawa, shi kuwa wanda ya sayar yana barcinsa. Ya san naman ya lalace, ya ga yara a bayanka, ya ba ka. Ina tausayi a nan? Don Allah ka sayi nama tun da haske, wajen wanda kake gani kullum layi a gabansa. Ka nuna yankan da kake so, a gasa a idonka, a yanka a idonka, yaji a ƙulle daban. In ka ga naman ya yi baƙi ya bushe a gefe, ko yana yauƙi, wuce abinka. Wallahi ƙosai ko awara mai zafi daga kasko ta fi shi aminci, kuma rabin kuɗin ne.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ko da yana amai, mai shan nono a ci gaba da ba shi. In ya ƙi sha, ko ya yi laushi, ko fitsari ya ɗauke, a kai shi likita a daren, kada a jira safiya. Dala 50 ɗin da na ce kada a taɓa, na irin wannan ne.

Ka tafi da tocila, kowane yaro da takalmi, a kakkaɓe tabarma kafin a naɗe. Daga ƙarshen Mayu kuma ka riƙa duban gabas, in ka ga ta yi ja ko iska ta tsaya cik, ku tattara nan take, ƙurar da ke gaban hadari ba ta ba da lokaci, kuma masu adaidaita duk sai su ɓace. Ka gaya mana unguwarku, 'yan'uwa da ke kusa za su nuna maka mai naman da suka yarda da shi. Allah ya raya mana zuri'a, a gaida uwargida.